Kazar da Aka Ɗora Mu Tare

Shekarun baya, zamanin da ake kwasar samari zuwa yaƙin Bama, ni kuku ne. Kukun soja fa, da kakina da hulata, ko da yake ban taɓa harba bindiga ba, iyakata wuƙa da tukunya. Baturen da nake wa aiki hafsa ne, dogo, marar yawan magana, kuma ba ya cin girkin kowa sai nawa. Wannan cikin nasa ne ya sa ni shiga jirgin sama, shi ne kuma dalilin da ya sa ni mutumin gabas nake zaune a Jega yau, jikoki cike da gida. Har gobe in baƙo ya ji harshena ya tambayi daga ina nake, 'yan rumfarmu ta kasuwa ba sa bari in amsa. Sai su ce, "Wanga? Daga bisa ya hwaɗo." Baƙo ya yi ta dariya, a zatonsa tsokana ce.

Daga Ikko muka tashi za mu Sakkwato, damina ta yi nisa. Matuƙi da mataimakinsa suna gaba, maigidana da wani abokinsa a bayansu, ni kuwa aka cusa ni can ƙurya wajen wutsiya, a kan akwatin tukwane. Kafin mu tashi ba irin cika bakin da ban yi wa sauran kukun bariki ba. Na ce musu in na dawo sai sun riƙa gaishe ni a tsugune.

Bayan azahar hadari ya tare mu. Jirgi ya kama rawa, tukwanena suna ta kaɗe-kaɗe a ƙarƙashina. Can sai na ji injin ɗaya ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Ban san komai game da jirgi ba, amma na san wannan shirun ba na alheri ba ne. Maigidana ya waiwayo, ya yaye bargon da ke kafaɗarsa ya jefo min, ya nuna min da hannu in naɗe kaina da shi. Kafin in rufe fuska na leƙa ta 'yar taga, sai na ga dutse ja, kusa da mu har ina ganin ciyawar da ke kansa. Na fara salati, ban san ko na ƙarasa ba.

Ruwan sama ne ya farkar da ni. Wutsiyar jirgin ta ɓalle ta faɗa tsakanin duwatsu da ni a ciki, sauran kuwa yana can sama kaɗan, hayaƙi na tashi duk da ruwan da ake zubawa. Na yi ta kiran "Maigida! Maigida!" har muryata ta dishe, ba wanda ya amsa. Da na yunƙura zan tashi na ga ƙwaurina na dama ya lanƙwashe a inda Allah bai yi gaɓa ba. Ko'ina na duba tsaunuka ne masu shimfiɗaɗɗen kai, ba gona, ba hanya, ba ko hayaƙin girki. Yadda na kwana a wurin nan, ku yi haƙuri, ba zan ba ku labarinsa ba.

Da hantsi na ji numfashin shanu. Bayansu wani Bafulatani ne da malafa da sanda, ya tsaya nesa yana ta motsa baki. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Mutum ko aljan?"

Na ce, "Mutum ne, ɗan'uwa. Musulmi."

Ya ce, "In gaskiya na, yi kalma in jiya."

Na yi. Sai ya matso, ya tatso madara a 'yar ƙwaryarsa ya tallafo kaina ya ba ni. Na dafa wa manyan Turawa abinci iri-iri, na kuma ɗanɗana duka, amma wallahi ban taɓa sa abin da ya kai madarar nan daɗi a bakina ba. Ya bar min sandarsa, ya kora shanunsa ya gangara neman mutane.

Daga wani ƙauye da ake kira Giwa Tazo mutanen suka hawo, magidanta da limaminsu. Su ne suka tabbatar min babu mai rai a gaban jirgin. Wasu suka ce a bar gawarwakin sai hukuma ta zo, liman ya ce a'a, ko ba namu ba ne 'ya'yan Adamu ne, ba za a bar wa kura su ba. Ƙasar wurin ba ta haƙuwa, sai suka shimfiɗe su a wani kwari suka jera duwatsu a kansu. Na roƙa a naɗe maigidana a bargon nan nasa, aka yi. Ina kwance ina kallo ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

To, sai batun sauko da ni. Abin da garin yake da shi na ɗaukar mutum a kwance guda ɗaya ne, makara. A cikinta aka ɗaure ni aka saɓa. Duk ƙauyen da muka ratsa sai mutane su miƙe suna innalillahi, ni kuma in ɗago kai in ce, "Sannunku da aiki." Wata mai tallar nono ta yar da ƙwaryarta ta ruga daji, har yau ina jin nauyin nonon nan. Da muka isa bakin gulbin Jega na ji an ce a kawo jirgi, na ce su ajiye ni nan in mutu a tudu. Da ƙyar suka fahimtar da ni kwalekwale ake nufi. Kowa muka tambaya a hanya magana ɗaya yake yi, a kai shi Aliero gidan masu ɗori.

Mai ɗorin tsoho ne, gajere, da hannuwa manya kamar ba nasa ba. Da wayonsa Nasara suka shigo ƙasar, don haka ba abin da ke ba shi mamaki, har da mutumin da ya faɗo daga sama. Baba nake ce masa, kamar kowa. Ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har idon sawu, ya sa ƙarti suka danne ni, ya yi bisimilla ya ja. Jama'a, soja guda da kakinsa, na ƙwala ihu ina kiran mahaifiyata da ta daɗe a ƙasa. Ya shafa man shanu da magani, ya jera karan dawa ya ɗaure tam.

Ina cikin mayar da numfashi na ji ya ce, "Ku kawo kaza."

Na ɗauka romo za a yi min, har na fara jin daɗi. Aka kawo wata kaza wake-wake, ya kama ƙafarta ta dama, ƙas, ya karya. Ya shafa mata maganin da ya shafa min, ya jera mata 'yan tsinkayen kara, ya ɗaure da zare, aka turke ta a gefen tabarmata.

Ya ce, "Hakanan munka gada gidanga. Tare anka ɗora ku. Ran da ta taka, kai ma ka kusa. Kak ka riga ta."

Na ce, "Baba, kaza kuma?"

Ya ce, "Mutum shina ƙarya, shi ce ya warke don ya gaji da kwanciya. Kaza ba ta iya ba."

Na gyaɗa kai don girmansa, amma a raina dariya nake. Ni da na zauna Ikko, na ga asibitin Turawa da idona, yau an haɗa ni jinya da kaza.

A zauren gidan aka kwantar da ni, kuma a nan na san Inna, uwargidan Baba. Tsohuwa ce siririya, haƙora ja da goro, baki ba ya hutawa. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, Kuku take ce min. Kullum da hantsi za ta kawo min fura a wata tasar tagulla mai zane a baki, wadda ta ce tun kayan aurenta ce, baƙon kirki kaɗai ake ba wa. Sai ta zauna a dokin ƙofa ta fara.

"Kuku, wai da gaske Nasara ɗanyen ganye su ka ci awa awaki?"

In ce da gaske ne. Ta tafa hannu ta ce, "Kai kau mi a aikinka, in ba a dahwawa?"

Ran da na yi karambanin ce mata miyarta ta ɗan yi gishiri, sai da na gwammace ban da baki. Ta ce in na ji haushi in tashi in shiga madafa, ga hanya nan. Sai daga baya na ji cewa ɗanta, namiji ɗaya da take da shi, yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Bama. Sau ɗaya ta taɓa yi min zancensa. Tana karɓar tasa ta ce, "Halan shi ma wata na can tana ba shi ruwa." Ta shige ciki ba ta jira amsa ba.

Kwanciya ba daɗi, ku tambayi wanda ya yi ta. Kowa ya tafi gona, gari ya yi tsit, daga ni sai kaza. Tun ina harararta har na fara raba mata tsaki a tafin hannuna. Na san ta ciki da bai. Na san yatsanta ɗaya na ƙafar hagu guntu ne, ba farce. Na san kukan da take yi in tana jin ƙishirwa. Wata rana ta wuni ta saki fukafukai ta ƙi ci, ni ma ranar zazzaɓi ya rufe ni. Washegari ta warware, ni ma na warware. Tun daga nan dariya ta ƙare. Mutumin Ikko ya koma in ya farka kafin ya duba ƙafarsa sai ya duba ta kaza.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Duk wanda ya shiga jirgin nan ya mutu sai ni. Zuciyata ta riƙa raya min cewa ba tsira na yi ba, mantuwa aka yi da ni, kuma za a dawo. Muddin kazar nan tana numfashi a gefena, sai in ji kamar ba a tuna ba tukuna.

Ana nan sai ga Di'o, Baturen mulkin yankin, ya zo da dawakai. Ya hau dutsen, ya ga inda aka rufe mutanensu, sannan ya biyo Aliero ya duba ni. Mutumin kirki ne, yana jin Hausa. Malamin asibitin da ya zo da shi ya duba ƙafar, ya sunsuna ɗaurin, suka yi shawara suka ce tunda mota ba ta shigowa sai ruwa ya ɗauke, a bar ni inda nake kada a fama karayar. Di'o ya yi wa Baba godiya, Baba da magidantan unguwa suka raka shi bayan gari.

A bayansu dogarai suka bi gida-gida suna tara kaji da ƙwai na abincin Bature, kamar yadda ake yi duk lokacin rangadi. Ranar an fitar da kazata ƙofar zaure ta sha hantsi, Inna tana cikin gida tana daka. Ina kwance na ji kukanta, na ji wani yana cewa, "Gurguwa ce, dama ba ta da amfani ga mai ita." Na yi ihu, na ja jiki da gwiwar hannu har bakin ƙofa. Zaren da aka turke ta da shi kawai na tarar.

Ba sai an gaya min inda kajin rangadi suke ƙarewa ba, sana'ata ce. Na san kafin la'asar an fige ta, kafin magariba tana kan faranti da dankali a gefe. Wato Baturen da ya zo duba lafiyata shi ya cinye ta, bai ma sani ba. Yanzu ina faɗa ina dariya, amma a ranar juya fuskata na yi ga bango na ce shi ke nan, an tuna da ni.

Na daina ci. Ba yaji na yi ba, abincin ne ya ƙi wucewa. Inna ta yi faɗa, ta yi zagi, ta koma lallashi, tasa tana komawa yadda ta zo. Ƙafa ta kumbura, wurin da ƙashi ya huda fata ya fara ruwa. Baba ya zauna kusa da ni ya ce kaza ma'auni ce kawai, rai na hannun Allah. Na ce na sani. Ya ce to bari a kawo wata a ɗora. Na ce wata ba ita ba ce, ba tare aka ɗora mu ba.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗana, ƙashi ba shi kamawa ga mai yunwa. In ka ɗore hakanga, ƙahwar ga ruɓewa za ta yi, ta tahi da kai. Nan hannuna ba shi kai."

Na ji shi sarai, na kuma san gaskiya ya faɗa. Amma ko a jikina, na riga na sallama.

Ranar kasuwar Jega gidan ya wayi gari shiru. Ba daka, ba faɗa da awaki, ba "Kuku ka mutu ko da saura?" Aka wuni ana ruwa. Can wajen la'asar sakaliya sai ga Inna ta faɗo zauren, jiƙe sharkaf, da wani abu a ƙarƙashin mayafinta. Ta yaye, ta dire min kaza wake-wake a ƙirji, ƙafar dama ɗaure da tsinkayen kara.

Ta ce, "Ga tsiyarka nan! Har bariki na tahi. Na iske kukun Nasara, ɗan'uwanka, na wanke shi tas. Ashe ba su yanka ta ba, wai Nasara ba shi cin gurguwa."

Ni fa kuku ne. Nasara ba ya tambayar yadda kaza take tafiya kafin ta shiga tukunya. Amma zuciya da kwaɗayi, na kama ta. Ta sare ni a yatsa, abin da tawa ba ta taɓa yi ba. Na ji ta fi tawa nauyi. Na duba ƙafar hagu, yatsu cif, kowanne da farcensa. Na zura ɗan yatsana ƙarƙashin karan na lalubi ƙashin, santsi tun daga sama har ƙasa, bai taɓa sanin karaya ba.

Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka a kan ƙafafun Inna. Taɓo har gwiwa, faso ya buɗe yana jini, ƙaya ta yage mata idon sawu. Tsohuwar da ta haifi kamata, ta taka daga Aliero zuwa Jega ta dawo cikin ruwa, ta bi rumfar kaji ɗaya bayan ɗaya tana neman mai irin wannan zanen. Tana tsaye tana kyarma, bakin nan da ba ya hutawa ya mutu, ta kafe ni da ido. Tsoro ne ƙarara a fuskarta, kada in gane.

Baba ya shigo daga masallaci. Ya karɓi kazar ya juya ta, ya duba ɗaurin da ko makaho ya san ba nasa ba ne, ya dubi matarsa, ya dube ni. Dattijon da ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba ya shafa gemu ya ce, "Ita ce."

Na haɗiye abin da ke bakina. Na ce, "Ita ce, Inna. Har ta yi ƙiba."

Ta ce, "To da? Abincin Nasara ta ci." Ta juya da sauri ta shige ciki.

Jim kaɗan ta dawo da fura, amma a wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki. Ban sake ganin tasar tagullar nan ba, ban kuma tambaya ba, na san inda ta tafi. Na kafa kai na shanye furar tas, ina sha hawaye na zuba a ciki. Ba don na yarda da kazar ba. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ga ba ni da fuskar da zan mutu a zauren mutanen nan bayan abin da suka yi.

Daga nan muka shiga wani wasa mu uku, ba wanda ya ce wa wani uffan. Kowace safiya Baba zai duba ƙafata, sannan ya ɗauki kaza mai lafiya garau ya lalubi tata, fuska a murtuke, ya ce, "Ƙashi na kamawa." Inna ta ce, "Alhamdu lillahi." Ni ma in ce, "Alhamdu lillahi." Kazar kuwa haushi kamar ya kashe ta, tana fizge-fizge tana neman tsinke zare, Baba yana cewa zafin ciwo ne. Na ci tuwo, na sha romo, kumburi ya saɓe, ruwan ya tsaya. Gero ya yi kai a gonaki ina kwance, aka fara yankansa ina zaune.

Ran da Baba ya ga lokaci ya yi, ya sa aka fito da ni tsakar gida aka jingina ni da turmi. Ya kwance wa kaza ɗauri ya ajiye ta a hankali. Ko ɗingishin kara ba ta yi mana ba, 'yar banza. Ta zabura da gudu, ta yi fiffike ta haye danga ta faɗa gidan maƙwabta. Baba ya dubi sama, ni na dubi ƙasa. Inna ta ce, "Ikon Allah! Ka ga sauƙi." Ba a jima ba aka kwance nawa, aka ba ni sandar nan ta Bafulatani, na miƙe. Ƙafar ta yi siririya tana rawa, amma ta ɗauke ni daga turmi har ƙofar madafa. Inna ta rangaɗa guɗa sai ka ce an kawo amarya.

Soja sun sallame ni, don ƙafar ta ɗan gajarta. Ba ni da kowa a gabas da zan koma wa, sai na kafa tukunya a kasuwar Jega, daga baya na shiga harkar albasa. Baba ne ya nema min aure, shi ya zama waliyyina. Na yi ta zaga rumfunan masu tasoshi ko zan ga ta Inna, ban gan ta ba. Na sayi wata na kai mata, ta juya ta ta ce zanen bakin bai yi kyau ba, ta kai ɗaki ta adana. Ɗanta bai dawo ba, ba a kuma taɓa kawo labarinsa ba. Muddin ƙafa tana iyawa, duk kaka nakan hau dutsen nan tare da Bafulatanin da ya tsince ni, wanda ya zama amini, mu ƙara duwatsu a kan maigidana da mutanensa. Ragowar jirgin kuwa, bayan hukuma ta kwashi abin da take so, maƙera suka sauko da shi kaɗan-kaɗan. Akwai gidaje a Jega da har yanzu suke kwasar miya da shi.

Bayan rasuwar Baba na ɗauko Inna na dawo da ita gidana. Ta daɗe tare da mu, tana zagin girkin matata da nawa duka. Da ciwon ajali ya kama ta sai ta daina ci. Matata ta yi, 'ya'yana suka yi, ta ƙi. Na dama fura da hannuna na shiga na zauna a bakin gadonta.

Na ce, "Inna, ki sha, ko in tafi kasuwa in nemo kaza."

Ta buɗe ido, ta yi wata 'yar dariya da ƙyar. Ta ce, "Kuku, kazar nan..."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Na san ka sani. Ina kallo sadda ka lalubi ƙahwarta."

Na ce, "To me ya hana ki magana, shekara da shekaru?"

Ta ce, "Kai mi ya hana ka?"

Sannan ta miƙo hannu ta ce in tallafa mata kai. Ta sha kurɓi kaɗan, na san kuma don ni ta sha, ba don tana so ba.

Yanzu na tsufa, in hadari ya haɗu ƙafar nan takan riga kowa sani. Amma ita ce ta kai ni gona da kasuwa da masallaci duk tsawon shekarun nan, ita ta raka Baba da Inna makwancinsu. In na zauna ina lissafin waɗanda suka tsaya min, wanda ya jefo min bargo, da wanda ya tatso min madara, da waɗanda suka saɓa makara da mai rai a ciki, sai in ga ko ɗaya ba ɗan'uwana ba ne, ba kuma wanda na iya saka wa. Addu'a kawai nake bin su da ita bayan kowace salla, ina farawa da tsohuwar nan. A gidana dai ba a yanka kaza wake-wake. Jikokina suna cewa camfin tsufa ne, ni kuma na bar su a haka.